Idan motarka mai ɗakin kwana ta kwanta gefe ɗaya

Tun ranar da muka gyara wata a Apo da ke Abuja, direbobin lakshari da masu irin wannan mota ke ta tambayata yadda ake yi. Irin wannan mota a kan balan-balan ɗin roba masu cike da iska take zaune, don haka idan ta kwanta gefe ɗaya, yawanci yoyon iska ne. Ga matakan:

1. Faka motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birki.
2. Tokare tayoyi da katako.
3. Tayar da inji har gejin iska ya kai wajen 120 psi, sannan ka kashe.
4. Auna tsayin kowace kusurwa daga ƙasa, ka rubuta.
5. Kafa ƙarafan tokara a ƙarƙashin shasi.

Hattara! Don Allah kada ka shiga ƙarƙashinta iska kaɗai ke riƙe da ita. Tiyo ɗaya ya cire, nan take za ta zauna a kanka.

6. Kaɗa ruwan omo a gora mai feshi.
7. Fesa wa balan-balan ɗin roba, da tiyo, da kowace mahaɗa. Inda kumfa ke tasowa, nan ɓarakar take. Leƙa cikin lanƙwasar robar sosai, can ta fi tsagewa.
8. Sauke iskar gaba ɗaya kafin ka kwance komai.
9. Yanke ruɓaɓɓen bakin tiyo da reza, a miƙe. Kada ka yanke da filaya, tana matse shi, yoyon ya dawo.
10. Tura shi cikin mahaɗar har ya zauna.
11. Balan-balan da ya tsage, canza shi, ba ya faci.
12. Duba siririyar sandar da ke haɗa bawul ɗin daidaita tsayi da aksil, ko ta lanƙwashe.
13. Tsiyaye ruwan tankin iska, musamman da damina.
14. Cika iska, ka janye ƙarafan.
15. Bar ta ta kwana, da safe ka sake aunawa.