Yadda ake zaɓen maganin barci in za a sa ido kan jijiyoyi a tiyatar ƙarin ƙwaƙwalwa

Masu koyon aikin sa barci, wannan naku ne. Kafin ka zuƙi komai a sirinji je ka tambayi likitan tiyata ina ƙarin yake, kuma wace jijiya za a sa wa ido, don amsar nan ce za ta zaɓa maka magani.

In ƙarin yana kusa da wurin da ke motsa hannu da ƙafa za a yi MEP, wato a aika lantarki ta kai a ga ko tsoka ta amsa, to shi wannan ba ya son wargi, iskar barci irin su isoflurane da sevoflurane suna danne shi sosai, nitrous oxide ma haka. Shi ya sa ake bi ta jini zalla, propofol da remifentanil a injin ɗiga magani. In dole sai ka haɗa da iska kar ta wuce rabin MAC, wato ma'aunin ƙarfin iskar barci, ni dai a ganina gara a kashe ta gaba ɗaya.

Maganin sakin tsoka kuma na sa bututun numfashi ne kawai. Ka ba da rocuronium sau ɗaya ka bar shi ya sake, ko ka warware shi da sugammadex, sannan ka gwada da lantarki a wuyan hannu ka ga babban yatsa ya motsa sau 4 cif kafin a ɗauki awon MEP na farko. Kuma don Allah kar ka manta da naɗaɗɗen bandeji tsakanin turamen haƙora gefe biyu, lantarkin yana sa muƙamuƙi ya datse, mutane suna tashi da harshe a tsage saboda wannan sakacin.

SSEP, mai bin hanyar jin taɓi, ya ɗan fi haƙuri da iska. Awon jijiyar jin sauti kuwa kusan ba ruwansa da maganin barci, amma fa in ƙarin a jijiyar kunne yake ana gadin jijiyar fuska ta 7 a lokaci guda, ita kuma ba a ganin amsarta in tsoka a sake take.

Inda ake yawan kwafsawa shi ne tsakiyar aiki. Kar ka tura propofol mai yawa lokaci guda ana cikin yanka kusa da jijiya, siginal zai faɗi, likita ya tsaya cak yana zaton shi ya yi ɓarna alhali kai ne. In dole ne ka ƙara, faɗa da ƙarfi mai lura da allon awon jijiyoyin ya ji. A SSEP in tsayin siginal ya ragu da kashi 50 ko ya yi jinkiri da kashi 10 ana ɗaga murya, kai kuma nan take ka duba awon jini ko ya sauka, ko jiki ya yi sanyi, ko jini ya zuba da yawa. Ketamin kaɗan yana taimaka wa siginal mai rauni.

In kuma ƙarin yana kusa da wurin magana, galibi hagu, a farke ake yi. A kashe fatar kai da allura, a ba da dexmedetomidine mai kwantar da mutum ba tare da barci mai nauyi ba, mara lafiya yana ƙirga yana faɗin sunayen hotuna likita yana taɓa ƙwaƙwalwa da lantarki. Ka tabbatar akwai ruwan gishiri mai sanyi ƙarara a kusa, in farfaɗiya ta taso shi ake fara kwarara wa ƙwaƙwalwar.