Yadda ake tsara bonsai mai kututture da yawa, da yadda ake baje shi

Bonsai bishiya ce da ake rainonta 'yar ƙarama a cikin tukunya. Abin da na fi gani yana ɓata wa sababbin hannu bonsai mai kututture da yawa shi ne tausayi. Tsiro bakwai ko takwas za su fito daga gindi ɗaya, kowanne kore shar, sai mutum ya kasa ɗaga almakashi. Bayan damina biyu ka leƙa tukunyar ka tarar da kurmi. Don haka yawancin bayanina a kan zaɓe da yanka zai tsaya. Shayarwa da taki na ɗauka ka riga ka iya.

Mutanen Japan, waɗanda suka karɓi wannan sana'a daga Sin suka inganta ta, sun ba kowane salo suna. Mai kututture biyu sokan ne, mai uku sankan, wanda kuma suka fito cunkus daga gindi guda kabudachi. Sharaɗin duka ɗaya ne: saiwa ɗaya ce ke ɗauke da su. Idan bishiyoyi daban-daban ka dasa a faranti ɗaya, wannan salon daji ne, hukuncinsa daban.

Da farko zaɓi bishiyar da za ta jure ƙasarka. Itatuwan da kake gani a hotunan Japan yawancinsu na ƙasar sanyi ne, bazarar Kano ko Maraɗi za ta ƙone su. Ceɗiya da danginta su ne zaɓina, domin suna tohowa bayan sara, kuma kututtura biyu da suka daɗe suna gugar juna sukan haɗe su zama ɗaya. Tsamiya ma tana yi saboda ƙananan ganyenta, sai dai tana da nawa. Durumi ganyensa ya yi faɗi, ka bar shi. A farkon damina ka sare bishiyar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ko ƙasa da haka, ka ƙyale ta ta toho son ranta har damina ta wuce. Kada ka taɓa komai a wannan shekarar.

Sai zaɓe. Ɗora tukunyar a kan tebur yadda gindin zai zo daidai idonka, ka zauna. Kada ka yi wannan aiki a tsaye kana kallon bishiyar daga sama, domin ba daga sama za a kalle ta ba. Tone ƙasar gindi kaɗan da tsinke har ka ga inda saiwoyi suka fara bazuwa. Yanzu nemi uba: kututturen da ya fi kauri, wanda shi ne kuma zai fi tsawo. Dole kauri da tsawo su tafi tare. Siriri ba ya fin mai kauri tsawo, ko da ya fi shi kyan lanƙwasa. Rage masa kai. Na biyu ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsawon uban, na uku ya gaza na biyu, haka har ƙarshe. Idan biyu suka yi kai ɗaya a kauri, ɗaya zai tafi. A nan ne hannu ke rawa. Mutum ya ce bari ya bar su ya gani zuwa baɗi, baɗi kuwa sun ƙara kauri, tabon yankan ya ninka, gindin ya kumbura a wurin da ba a so.

Bayan biyu, adadin ya zama mara: uku, biyar, bakwai. Huɗu dai Japanawa suna guje masa, ni ma ban taɓa ganin huɗun da bai rabu biyu-biyu a ido ba. Duba kuma inda suka rabu. Rabuwar ta kasance a gindi, dab da ƙasa, kuma tsakaninsu ya zama matsattse mai tsini. Idan ta buɗe ta yi zagaye kamar gwafar danƙon harbin tsuntsu, ba waya ko dabarar da za ta ɓoye ta. Wanda ya rabu a sama, tsakiyar kututture, reshe ne kawai ya yi girma. Ko ka cire shi, ko ka ƙara ƙasa ka jira saiwa ta fito a wurin.

Kafin ka yanke komai, ɗaura tsumma a kan waɗanda kake son cirewa, ka juya tukunyar a hankali kana neman fuska. Fuska ita ce ɓangaren da duk kututturan ke bayyana, babu wanda ya ɓoye ɗan'uwansa, babu wanda ya gicciye wani. Kada su jeru a layi ɗaya ƙafaɗa da ƙafaɗa. Uban ya ɗan matso gaba, ƙananan su ja baya ta gefe, sai bishiyar ta yi zurfi. Kan uban ya ɗan rusuno wajen mai kallo. In ka samu fuskar, soka tsinke a ƙasa a wurin don kada ta ɓace maka, ka kwana, gobe ka sake dubawa, sannan ka yanke. Yanka ya zama shafe da gindi, da ƙaramin zarto mai kaifi. Farin ruwan da ceɗiya ke fitarwa zai tsaya da kansa.

Game da rassa, ka riƙe abu ɗaya: kututture da yawa ne, amma kai ɗaya ne. Duk reshen da ya nufi cikin tsakanin kututtura, cire shi, domin inuwa za ta kashe shi ko ya toshe sararin da ka sha wahalar buɗewa. Kowane kututture ya miƙa rassansa waje, ta ɓangarensa. Reshe mafi ƙasa yakan fito ne daga ƙaramin kututture. Kada reshen uba ya rufe kan ƙaramin, in ba haka ba, ƙaramin zai raunana ya mutu a hankali. Uban kullum ya fi ƙarfi, saboda haka shi za ka fi yawan aske wa ganye.

Wayar da ake lanƙwasa rassa da ita ta alminiyam ce, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, a naɗa ta a karkace. Ta musamman da ake shigo da ita tana da tsada. Wayar wuta ta alminiyam da aka feɗe robarta tana yin aikin. Duk kututturan su karkata ɓangare guda, kada wannan ya yi gabas wancan yamma. A damina ceɗiya tana kauri da sauri, cikin 'yan makonni waya ta nutse a ɓawo, don haka duba duk mako, kuma yanke ta guntu-guntu da filaya, kada ka warware.

Tukunya ta zama mai faɗi marar zurfi, mai siffar ƙwai, da manyan huda a ƙasa da aka rufe da raga. Masu ginin tukwane za su yi maka kasko irin wannan da arha idan ka zana musu. Ƙasar dasawa kuwa, dakakken jan bulo da aka tankaɗe, tsakuwa, gawayi da ɗan ruɓaɓɓen taki sun isa. Kada ka dasa a tsakiya cif. Matsar da bishiyar gefe, ka bar sarari a ɓangaren da ta karkata. Kasko marar zurfi yana saurin bushewa, a bazara sai ka shayar safe da yamma.

Wajen bajewa, a gidajen gargajiya na Japan akwai lungu na musamman, tokonoma, inda ake ajiye bishiya a kan ɗan tebur, da hoto rataye, da ƙaramin tsiro a gefe. A baje kolin Kokufu da ake yi a Tokyo tun 1934 ma bango fili ake ba kowace bishiya. Kai ma nemi bango fari ko ruwan ƙasa marar ado, da tebur mai duhun launi wanda ya fi tukunyar faɗi, gajere ba dogo ba, domin wannan salo faɗi yake so. Tsakiyar bishiyar ta zo daidai idon mai kallo. Ƙaramin tsiron, ko ciyawa ce a ɗan kasko, ya zauna a ɓangaren da bishiyar ta karkata, ƙasa da tebur. Wanke ƙurar hunturu daga ganye, goge tukunyar, cire wayar da ta gama aiki. Kwana biyu ko uku a ɗaki sun isa, sai ka mayar da ita waje ta sha rana.