Yadda Zaka Ɗaure Enzayim A Jikin Fatar Kaitosan Ya Daɗe Yana Aiki

Duk wanda ya taɓa aiki da enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, a lab yasan baƙin cikin, ka siyo shi da tsada, ka zuba a ruwa yayi aiki sau ɗaya shikenan ya bi ruwan ya tafi, in kuma zafi ya ɗan taɓa shi ko wuta ta ɗauke firij ya huce sai ka tarar ya mutu. Maganin shine a ɗaure shi a jikin wani abu kamar akuya a turke. Dabarar tsohuwa ce, tun 1916 Nelson da Griffin suka manna inbatez a jikin gawayi suka ga bai daina aiki ba. Nima da inbatez ɗin zan yi misali, wanda ake samu daga yis, mai fasa sukari ya koma gulukos da furuktos.

Fara da fatar, wato siririn shimfiɗin da zaka haɗa ka ɗaure enzayim ɗin a jikinsa. Ni kaitosan nafi so, folima ce, wato sinadari mai doguwar sarƙa, da ake samowa daga ɓawon jatan lande kuma jikinta cike yake da rukunin amino, wato maƙalar da muke nema tana nan. Narkar da giram 2 a ml 100 na asetik asid mai kashi 2, ka juya ya narke sarai, ka barshi kumfa ta kwanta, zuba a farantin Petri ya bushe. Sai ka jiƙa a NaOH, sinadarin da yake kashe asid ɗin, ka ɗauraye da ruwan distil har pH ya dawo 7.

Toh yanzu gulutaraldihaid, sinadarin da zai haɗa enzayim da fatar, nan ne fa aikin yake. Hannu biyu gareshi, ɗaya ya kama amino na fatar, ɗayan ya jira laisin, wani ɓangare mai amino dake jikin enzayim. Mai kashi 1 ya wadatar, jiƙa fatar a ciki wajen awa ɗaya, zaka ga fatar ta fara yin ruwan ɗorawa. Don Allah kada kace bari in ƙara don ya kamu sosai, wallahi nan ɗalibai da yawa suke ɓata aikinsu, in yayi yawa fatar ta ƙage tana karyewa, enzayim ɗin kuma a ɗaure shi tamau har ya kasa motsin da yake aiki dashi. Kuma guba ne, saka safar hannu, kayi aikin inda ake zuƙe tururi. Bayan nan ka wanke sosai.

Tsoma fatar a ruwan enzayim cikin bafar fosfet (bafa shine ruwan da yake riƙe pH kada ya sauya) ta kwana a digiri 4. Ban da bafar Tris, shima amino gareshi zai cinye gulutaraldihaid ɗin. Da safe wanke da ruwan gishiri mai ƙarfi don wanda ya lafe kawai bai ɗauru ba ya fita, sai ka sa gilaisin, ƙaramin sinadari mai amino, ya toshe sauran hannayen da basu kama komai ba. Kada ka zubar da ruwan wankin da ragowar ruwan enzayim ɗin da fatar ta kwana a ciki! Auna furotin dake ciki da gwajin Bradford a 595 nm, ka debe daga abinda ka zuba, ka san nawa ya zauna.

Me yasa yake ƙara juriya? Enzayim furotin ne a naɗe, zafi warware shi yakeyi, in an kama shi ta wurare da yawa warwarewar tana wuya, kamar rumfar da aka ɗaure ta kowace kusurwa lokacin iskar damina. Amma ba kyauta bane, sau da yawa saurinsa yana raguwa kuma Km, wato yawan sukarin da yake buƙata kafin ya kai rabin iyakar saurinsa, yana hawa saboda sai sukarin ya ratsa fatar kafin ya isa gareshi, wannan ba gazawa bace, ka rubuta shi yadda ya fito.

Gwajin kuwa kullum gefe da gefe da wanda ba'a ɗaure ba, in ba haka ba lambobinka basu ce komai ba. Bafar asetet pH 4.5, ajiye su a digiri 40, 50, 60, 70 na lokaci ɗaya, auna sukarin da ya fasu da DNS, sinadarin da yake sauya kala da irin wannan sukarin, a 540 nm. Sai ka maimaita aiki da fata ɗaya kamar sau goma kana wankewa tsakani, in aikin ya zube tun zagaye na biyu to lafewa yayi bai ɗauru ba, koma ka duba wankin gishirinka.