Yadda ake zagaya layin lokaci a duba guntayen bidiyo kafin a fara yanka

Yawancin yaran da ke zuwa koyon haɗa bidiyo a shagunanmu na Garwa, aikin da a nan muka fi kira montaj, da linzamin kwamfuta suke fara komai: su kama allurar da ke nuna inda hoto yake, su ja ta gaba, su ja ta baya, har su gaji ba su dira a kan wurin da suke nema ba. Layin lokaci, wato dogon filin da ke ƙasan manhaja inda ake jera guntayen bidiyo da sauti, da madannai ake tafiya a kansa, kuma abin da zan bayyana yana aiki a manhajojin haɗa bidiyo na Premiere Pro da DaVinci Resolve.

Da farko ka sa duk aikin ya bayyana a gabanka, daga ɗaurin aure har kai amarya idan bidiyon biki ne. A Resolve ana danna Shift tare da Z. A Premiere madannin karkatacciyar sanda ne (\), amma da yake kwamfutocin da ke hannunmu a Kamaru da Cadi galibi masu jerin haruffan Faransa ne, wato AZERTY, wannan madanni ba ya inda darussan intanet ke nunawa, don haka gara ka shiga saitin gajerun hanyoyi ka ɗora umarnin a kan wanda ya yi maka sauƙi.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙin sana'ar. Ka aza yatsu uku a kan J da K da L, waɗanda cikin sa'a wurinsu ɗaya ne a jerin Faransa da na Ingilishi. L yana tafiyar da hoto gaba, J yana mayar da shi baya, K yana tsayarwa, kuma idan ka sake danna L ko J saurin zai ninka. Da haka za ka ratsa dogon jawabin waliyyi cikin ɗan lokaci kana jin muryarsa sama-sama, da ka ji an kai ga fatiha sai ka tsayar. Daga nan ka riƙe K ka riƙa taɓa L, ko ka yi amfani da kibiyar dama da ta hagu, hoton zai riƙa motsawa firam ɗaya-ɗaya, wato tsayayyen hoto guda-guda daga cikin jerin da ke haɗa bidiyo, har ka ga daidai lokacin da liman ya ɗaga hannu. Shift da kibiya yana tsallake firam 5 a Premiere, a Resolve kuwa daƙiƙa guda.

Kibiyar sama da ta ƙasa suna kai ka mahaɗar guntu da guntu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin a mahaɗa ne ɓarna ke ɓuya. Na taɓa miƙa wa wani alhaji bidiyon bikin 'yarsa, sai da aka kunna a gaban baƙi na ga baƙin hoto ya ƙyafta tsakanin kamu da walima, ashe giɓi ne na firam biyu da ban lura da shi ba saboda ban faɗaɗa layin ba.

Sai lambobin lokaci. Idan ka ga 00:12:30:10, ma'anarsa minti 12 da daƙiƙa 30 da firam 10, kuma a aikin da ke tafiya da firam 25 a daƙiƙa lambar ƙarshe ba ta wuce 24. Kana iya danna lambobin ka rubuta inda kake so, allurar ta dira can.

Yanzu ka duba guntayen kansu. Ka aza allura a kan wanda kake shakka ka danna F, manhajar za ta buɗe asalin fayil ɗin a daidai wannan firam, ka ga abin da ke gabansa da bayansa. Sannan ka danna shi da ɓarin dama na linzami ka buɗe bayanansa, ka kula da girman hoto da yawan firam. Wannan ya fi muhimmanci idan ƙawayen amarya sun turo abin da suka ɗauka da waya, domin waya takan ɗauki firam 30 a daƙiƙa, kuma sau da yawa adadin yana hawa yana sauka, har magana ta riga leɓe ko ta makara. Irin wannan fayil a fara wuce da shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, a tsayar masa da adadi guda. Ka kuma ƙara tsayin layin sauti ka kalli zanen igiyarsa: inda ya cika ya daki rufi, ganga ko lasifikar maroƙi ta fasa sautin.

Duk inda ka ga matsala kada ka tsaya gyara, ka danna M ka dasa alama ka rubuta abin da ka gani, ka wuce. Idan jan allo ya tare ka yana cewa babu fayil, ka fara duba igiyar faifan ajiya kafin ka zargi manhaja. Kuma bayan kowane zagaye ka danna Ctrl da S, saboda ba a sallama kafin a ɗauke wuta.