Yadda Ake Shiga Kulob ɗin Rediyon Sha'awa a Legas

Bahaushe ba baƙon rediyo ba ne. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, dattawanmu suka saba da murɗa akwati suna neman tasha a mita 16 ko 19 ko 25, kuma har yau a Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba a rasa mai gadi ko ɗan kasuwa da ƙaramar rediyo manne a kunne. Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, a tsakanin waɗannan mitoci na gajeren zango akwai gurabe da dokar sadarwa ta duniya ta keɓe wa mutane masu zaman kansu, waɗanda suke kafa tasha a ɗakinsu, su yi magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe ba tare da layin waya ko intanet ba, kuma ba don neman kuɗi ba. Wannan shi ne rediyon sha'awa, wanda masu yin sa suke kira ham. Ana iya karanta littattafansa a gida, amma a kulob ake koyon aikin, kuma a gari irin Legas, inda hayaniyar lantarki da ƙuncin muhalli suke karya gwiwar mai farawa, wanda ya ce shi kaɗai zai yi ba ya daɗewa.

Matakin farko sauraro ne, ba saye ba. Rediyon da muka saba da ita ba za ta fitar da maganar masu wannan harka sosai ba, domin suna amfani da wata hanyar aika murya da ake kira SSB, wadda a rediyon gida take fitowa a shaƙe, ba a gane ko kalma ɗaya. Sai a nemi rediyo mai maɓallin SSB, ko ƙaramar na'urar RTL-SDR irin wadda take kama gajeren zango idan an soka ta a kwamfuta, ko kuma a buɗe na'urar sauraro ta Jami'ar Twente da ke Holan, wadda kowa yake iya amfani da ita ta intanet kyauta. A saurari mita 40, daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, da mita 20, daga 14.000 zuwa 14.350, musamman daga la'asar zuwa bayan isha'i. A tanadi littafi a riƙa rubuta lokaci da zango da lambar kiran duk wanda aka ji, wato haruffa da lambobin da kowace tasha take bayyana kanta da su. Ba da jimawa ba kunne zai fara rarrabe ƙasashe daga farkon lambar: 5N Najeriya ce, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru, TY Benin, PY kuma Brazil. Wannan littafi shi ne abin da ya fi dacewa mutum ya riƙe a hannu ranar da zai fara zuwa taron kulob, domin yana nuna wa manya cewa da gaske yake.

Neman kulob ɗin kansa ya fi sauƙi ta hanyar ƙungiyar ƙasa, wato NARS, wadda ita ce take wakiltar Najeriya a Tarayyar Masu Rediyon Sha'awa ta Duniya, IARU, da aka kafa a Paris ranar 18 ga Afrilun 1925. Haka nan shafin QRZ.com yana ɗauke da bayanan masu lambar kira na duniya, kuma wanda ya ji wata lamba mai farawa da 5N yana iya dubawa ya aika wa mai ita saƙo cikin ladabi. Masu wannan harka ba su da yawa a ƙasarmu, saboda haka galibi suna murna da sabon zuwa. Amma kada mutum ya je yana tsammanin zai tarar da 'yan'uwansa Hausawa zalla. A Legas zai zauna da Bayarabe da Ibo da baƙi 'yan ƙasashen waje, injiniyoyi da 'yan fansho da ɗalibai, kuma da Turanci ko Burokin za a yi yawancin hirar. Gaisuwa irin tamu tana da daraja a wurin. Wanda ya rusuna ya gai da dattijo, ya ce masa «Baba» ko «Injiniya», ya zauna ya yi shiru har a tambaye shi, ya riga ya samu malami. Idan kuwa aka dace da Bahaushe a cikin manyan, to «Ranka ya daɗe, Alhaji, koyo na zo yi» ta wadatar.

Sai maganar lasisi, wadda ba ta da sassauci. Dokar ƙasa ta hana kafa ko amfani da na'urar aika saƙon rediyo ba tare da izinin gwamnati ba, kuma Sashe na 25 na Ƙa'idojin Rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya ɗora wa kowace ƙasa alhakin tabbatar da ƙwarewar mutum kafin ta ba shi lasisi. Abin da ake buƙatar ya sani bai wuce tushen ilimin lantarki ba, da yadda eriya take aiki, da iyakokin zangunan da aka yarda masa, da ladubban magana. Tun bayan taron rediyo na duniya na 2003 sanin harshen Morse, wato aika haruffa da gajeru da dogayen sautuka, ya daina zama sharaɗi a dokar duniya, aka bar wa kowace ƙasa zaɓinta. Tsarin cike takardu yana sauyawa, don haka a bi wanda ya karɓi nasa ko ya sabunta shi kwanan nan, ya nuna ofishin da za a je da abin da za a biya, a kuma karɓi rasiɗi.

A nan ne ya kamata a ja kunnen masu gaggawa. A Kasuwar Alaba ta Ojo da Computer Village ta Ikeja ana sayar da ƙananan oba-oba irin su Baofeng da araha, kuma mai sayarwa ba zai tambayi kowa lasisi ba. Waɗannan na'urori suna iya aika murya nesa da ɗaya daga cikin guraben da aka ba masu rediyon sha'awa, wanda a yankinmu yake tsakanin megahaz 144 da 146. Sama da shi kaɗan akwai zangon jiragen ruwa, inda tasha ta 16, a kan 156.8, take ta kiran neman agaji ce, ga kuma tashoshin Apapa da Tin Can a kusa. Ƙasa da shi, daga 118 zuwa 137, zangon jiragen sama ne, ga filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja. Wanda ya danna maɓalli bai san inda yake ba yana iya jawo wa kansa abin da kulob ba zai iya fitar da shi ba. Ko bayan an samu lasisi, yana da kyau a riƙa yawo da kwafinsa, domin jami'in tsaro da ya ga oba-oba a mota a shingen bincike yana da dalilin yin tambaya, kuma takarda ta fi dogon bayani saurin kashe magana.

Babban abin da kulob yake yi wa sabon shiga shi ne ɗaura masa eriya, kuma wannan aiki ne na gayya wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Eriya mafi sauƙi waya ce mai hannu biyu, kebul yana shiga ta tsakiyarta. Ana samun tsawonta a mita idan aka raba 143 da adadin megahaz ɗin da ake so: a kan 14.2 za a samu mita 10 da 'yan kai, wato kowane hannu kusan mita 5. A kan 7.1 kuwa kusan mita 20 ne gaba ɗaya, abin da gidan haya a Obalende ko Mushin da wuya ya ɗauka sai an lanƙwasa ƙarshenta ƙasa. A yanka wayar da ɗan rara, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi. Ranar aikin mutum uku ko huɗu za su zo da igiya da gora ko bututun roba da na'urar auna SWR, wato awon da yake nuna ko eriya ta dace da zangon da ake so. Ɗaya yana kan ƙarfen tankin ruwa, ɗaya yana riƙe da tsani, ɗaya kuma yana ɗaki yana karanto abin da allura ta nuna; idan wayar ta yi tsawo sai a sauke ta, a naɗe kamar faɗin yatsu uku a kowane hannu, a sake ɗagawa, har awon ya sauko ƙasa da 2. Kebul ɗin da ake so mai om 50 ne, irin RG-58 ko RG-213, alhali wanda ya cika kasuwa na talabijin ne mai om 75, don haka a karanta rubutun jikinsa kafin a biya. Iskar Legas tana da gishiri da danshi, kuma mahaɗin da ba a yi masa dalma aka naɗe shi da tef mai hana ruwa ba zai yi kore cikin damina ɗaya. Kada waya ta gitta saman wayar NEPA ko ƙarƙashinta ko kusa da ita, komai ƙuncin wuri. Kuma kafin duk wannan, a nemi yardar mai gida, a yi wa maƙwabta bayani, gara ma a tafi da dattijon kulob, tun da furfura da katin shaida suna kwantar da hankalin mai gidan da yake tsoron an mai da rufinsa hasumiyar kamfanin waya.

Idan eriya ta hau, matsalar da za ta biyo baya ƙara ce. Inbata da cajar waya da ƙwan fitila na LED marasa inganci da janareton maƙwabta duk suna zuba shuu a gajeren zango har su binne muryar da take zuwa daga nesa. Gwajin da manya suke koyarwa mai sauƙi ne: a ɗora rediyo a kan batir, a kashe wutar gidan daga babban makunni, a duba yadda allurar ƙarfin sigina ta sauka, sannan a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Sau da yawa caja ɗaya ce ta 'yan kuɗi kaɗan. Rediyo mai wat 100 tana aiki da bolt 13.8, tana kuma jan kusan amfiya 20 lokacin magana amma kaɗan ƙwarai lokacin sauraro, shi ya sa batirin sola mai kyau yake riƙe ta tsawon dare, ya kuma fi wutar janareto tsabta. Da damina, musamman watan Yuni, da an ji rugugin hadari a cire kebul daga rediyo, a ajiye bakinsa nesa da kaya da mutane.

Rayuwar kulob ta yau da kullum tana kan zaman da ake yi a iska a ƙayyadadden lokaci, wanda ake kira net. Tsarinsa kamar majalisar dattawa ce a zaure: akwai mai jagoranci, kowa yana faɗin lambarsa, ya jira a ba shi dama, ya yi magana a taƙaice, ya mayar da ita ga jagora. A gari mai cunkoso, inda tafiya daga Agege zuwa Lagos Island take iya cinye rabin yini, wannan zama shi ne yake riƙe zumunci tsakanin taron ido da ido. Ana faɗin haruffa da Alfa, Bravo, Charlie don kada a yi kuskure, ana ba da rahoton sigina, wanda 59 shi ne mafi kyau, ana sallama da 73, wato fatan alheri. Rahoton nan a faɗe shi da gaskiya. Cewa kowa 59 ne don a faranta masa ba ya taimakon wanda yake gwada sabuwar eriya. Ba a ciniki, ba a sa kiɗa, ba a magana da zaurance don ɓoye ma'ana, kuma al'adar masu harkar ita ce a bar gardamar siyasa da ta addini a waje. Dokar duniya ba ta ɗaure mutum ga Turanci ba, don haka idan aka haɗu da Bahaushen Nijar a mita 40 ana iya gaisawa da Hausa, muddin ana faɗin lambar kira a kai a kai. A littafin rajista kuwa, inda ake rubuta tashoshin da aka yi magana da su, da agogon UTC ake rubuta lokaci, wanda yake bayan na Legas da awa ɗaya, kuma alamar wurin Legas a taswirar masu rediyo JJ16 ce.

Akwai lokutan shekara da kulob yake fita fili. Ranar 18 ga Afrilu ita ce Ranar Rediyon Sha'awa ta Duniya. A ƙarshen mako na uku na Oktoba ake JOTA, wadda aka fara a 1958, inda 'yan Sikawut suke magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe ƙarƙashin kulawar mai lasisi, kuma wannan ƙofa ce mai kyau ta shigo da yaran Islamiyya da na boko na unguwanninmu, maza da mata. A ƙarshen Oktoba kuma ake gasar CQ World Wide ta murya, inda ake tseren tuntuɓar tashoshi da ƙasashe masu yawa, awa 48 cur, kuma saboda tashoshin Najeriya ba su da yawa, duk wanda ya yi kira da 5N zai ji mutane daga Turai da Amurka sun yi masa caa a lokaci guda. Sabon shiga ya zauna kusa da gwani yana rubuta masa rajista. A dare ɗaya zai koyi abin da ba zai koya a wata guda shi kaɗai ba. Masu son fasaha kuma suna da tauraron ɗan'adam QO-100, wanda aka harba a Nuwamban 2018, yana tsaye wuri ɗaya a sama, yana ganin Afirka gaba ɗaya, ana aika masa a gigahaz 2.4 a karɓa a 10 da farantin satalayit irin na gida. Ga wanda ba shi da filin shimfiɗa waya mai mita 20, wannan mafita ce ta gaske.

Kulob ba ya tafiya da masu zuwa kallo. A biya kuɗin wata a kan lokaci, a karɓi aiki ko da na ɗaukar batir ko rubuta bayanin taro ne, kuma kayan da aka ara, musamman na'urar awo, a mayar da su a ranar da aka yi alkawari. Idan za a sa lokacin taro, a yi magana tun da wuri domin a kauce wa lokacin Juma'a da safiyar Lahadi, kowa ya samu zuwa. Batun sayen rediyo kuwa, a bari sai lasisi ya fito, sannan a fara tambaya a cikin kulob, domin a nan ake samun ta hannu wadda aka san tarihinta. Ko ta wane ne, a sa ta a kan batir, a haɗa ta da na'urar awo, a ga ƙarfin da take fitarwa a kowane zango a gaban wani gwani kafin kuɗi su bar hannu.