Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen tara kalmomin Turanci don JAMB

Duk shekara idan JAMB ta ƙarato, sai ɗalibai su riƙa zuwa lesin da littafi mai falle sittin cike da kalmomin Turanci, hagu kalma, dama fassararta da Hausa. Wata yarinya ta taɓa nuna mini nata. Tun daga harafin A na ƙamus ta faro kwafa, ta kai tsakiyar C, ga shi saura wata biyu a shiga jarrabawa. Na ce ta yi mini jimla ɗaya da "abate". Ta ce, "Malam, ma'anarta raguwa." Na ce na ji, jimlar fa? Sai ta sunkuyar da kai.

Babban kuskuren ke nan, kuma sauran duk 'ya'yansa ne: haddace kalma ita kaɗai. JAMB ba ta tambayar ma'anar kalma haka kawai. A cikin jimla take kawo ta, ta ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kishiyarta. Ɗauki "sanction". Wani wurin takunkumi take nufi, irin wanda ake ƙaƙaba wa ƙasa, wani wurin kuma amincewar hukuma. Wanda ya rubuta "takunkumi" kawai a littafinsa, ranar da ɗaya ma'anar ta fito ya faɗi. Gyaran ba wuya. Duk kalmar da ka tsinta, kwafo ta tare da jimlar da ka same ta a ciki, sannan ka ƙirƙiro taka jimlar a ƙasa. Kalma goma a haka sun fi ɗari a jere.

Sai kuma wanda ya fi kama mu Hausawa, rashin sanin abokan tafiyar kalma. Mu da "yi" ɗaya muke yin kuskure, mu yi aiki, mu yi laifi. Bature ya raba su uku: "make a mistake", "do the work", "commit a crime". Mukan sha ruwa, mu sha magani, shi kuwa ƙwayar magani "take" yake ce mata. Mukan ji magana, mu ji wari, mu ji zafi, shi kowanne da kalmarsa. Tambayoyin cike gurbi nan suke ɗana tarko, domin ɗalibi yana fassara a zuci bai sani ba. Shi ya sa nake hana manyan ɗalibaina dogaro da ƙamus na Turanci zuwa Hausa. A farkon koyo yana da rana, amma a wannan matakin ƙamus irin Oxford Advanced Learner's ya kamata ka riƙe, kuma misalan da ke ƙarƙashin ma'anar su za ka fi zuba wa ido.

Akwai kuma Turancin da kunne ya saba da shi a gari. Kullum sai ka ji wani babba ya ce "severally" yana nufin sau da yawa, alhali a Turancin da ake jarrabawa da shi ma'anarta kowa shi kaɗai, daban-daban. Haka "invaluable": ɗalibi ya ga "in" a gaba sai ya ce marar daraja, ita kuwa abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi take nufi. Sanin ɗafa-goshi yana taimakawa, amma kada ka rantse da shi.

Batun bita kuwa, almajirin tsangaya ya fi ɗan boko gane shi. Ba ya wanke allo ya ce an gama, kullum sai ya koma tishin baya. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu. Saboda haka kalmar yau ka waiwaye ta gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. Kuma waiwaya ba kallo ba ne, rufe ma'anar za ka yi ka tambayi kanka. Mai waya ya sauke manhajar Anki ta tsara masa bitar, marar waya ya yanka kwali, kalma a gaba, ma'anarta a baya.

Wasu kuma farautar kalmomi masu ƙaton suna suke yi don burge abokai. Ɓata lokaci ne. Tsofaffin takardun JAMB da sharhin jaridu sun fi nuna maka irin kalmomin da ke fitowa. Mai shirin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, ya nemi jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, tushen kalma 570 ne.

Na ƙarshe a gaban kwamfuta yake faruwa. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki Turanci, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Ɗalibi na sauri, ba ya lura an tashi daga "nearest in meaning" an koma "opposite in meaning", ga kuma kalma mai ma'ana iri ɗaya da wadda aka tambaya zaune cikin zaɓin tana jiransa. Idan kana gwaji a gida, sa agogo a gabanka, kuma kafin ka taɓa kowane rukuni karanta umarnin da ke samansa da ƙarfi, har bakinka ya saba.