Yadda na gyara fentin da ke ɓarewa a ƙarƙashin bonet

Sau biyu ina fesa wa gurbin injin tsohuwar motata fenti, sau biyu yana yin ƙuraje a ƙasan kofin man birki, ko da farce ka taɓa sai ya ɓare. Na zargi fentin, na canza gwangwani. Na zargi danshi. Duk ba su ba ne.

Da na shimfiɗa farar takarda a wurin ta kwana, da safe na ga ɗigo biyu. Ashe robar da ke ƙarƙashin kofin ce ke yoyo, irin man birkin da ake kira DOT 4 kuwa cinye fenti yake yi.

Na cire kan batir, na canza robar, na fitar da iskar birki. Wurin kuma na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, domin wannan man a ruwa yake narkewa, shafa tina (ruwan tsinka fenti) kawai da na riƙa yi baza shi take. Bayan ya bushe na goge da samfefa mai lamba 180 har ƙarfe ya fito, na bi da mai lamba 400, wadda ta fi laushi. Na rufe altaneta (na'urar da ke cajin batir) da wayoyi da leda. Fentin shimfiɗa hannu biyu, na sama hannu uku, duk shara-shara, tazarar minti 10.

Yau sati uku ke nan, ko ƙurji ɗaya babu. Alhamdulillahi.